Sai An Cire Matata

Asabar, da hantsi

Mutum ɗaya-ɗaya ake shiga, a wanke hannu, a ɗora wata riga mai ruwan ganye a kan kayan jiki. Na wanke, na ɗora, na shiga. Maigida yana gadon ƙarshe, kusa da taga. An sa masa tiyo ta baki an manne da filasta, inji yana hura masa iska, ƙirjinsa yana tashi yana sauka ba da saninsa ba. Mutumin da muryarsa ke danne ƙarar zarto a shagonsa na kafinta, yau inji ne ke yi masa numfashi. Na tsaya ƙiƙam, na rasa inda zan ajiye hannuna. Nas ɗin da ke kula da shi, wata gajera mai bakin zolaya, ta ce, "Mama, taɓa shi mana, ai ba ya cizo." Dariya ta taso mini, na tuna inda nake, na haɗiye ta.

Da tari aka fara, sai zazzaɓi. Na ce ko a je asibiti. Sau ɗaya na faɗa, ya ɗago ya dube ni, na koma kicin. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa sannan aka kwaso shi. Likita ya ce ciwon huhu ne, ya kama duka biyun.

Auta, 'yarmu, ita ta ce in riƙa rubutawa tunda na ƙi magana. Ba ƙi na yi ba. Na manta yadda ake farawa ne.

Lahadi, da safe

Na yi barci. Tun daga isha'i har rana ta shigo ta taga ban ko juya ba, asuba ma sai rama ta na yi. Mijina yana can rai a hannun Allah, ni kuwa na yi barcin da rabona da irinsa tun ina gidanmu.

Maƙwabta sun shigo tambayar mai jiki. Matar mai kanti ta riƙe hannuna ta ce, "Dubi yadda kika zabge, ki daure ki sa wani abu a cikinki." Ban zabge ba. Kafin su shigo na cinye burodi guda da shayi, a falo, ƙafafuna a kan kujerarsa. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kuka zan yi, suka yi ta ba ni haƙuri. Kunya ce ta hana ni ɗagowa.

Talata, da azahar

Babu canji. Na wanke labulen gidan duka, har wanda bai yi datti ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yaya, wan maigida, ya mayar da bencin bakin ɗakin masu jinya ofishinsa. Nan yake amsa waya da ƙarfi yana yi wa dangi bayanin ciwon, kowa da irin wanda zai ba shi. Ya ce wa wani sanyi ne, ya ce wa wani ƙurar katako ce, wata ƙanwarsu kuwa har ya gaya mata an sauya wa maigida huhu. Lambar da ke nuna iskar jikinsa a allon gado, Yaya maki yake ce mata. In na fito sai ya tare ni, "Maman Auta, yau maki nawa ya ci?"

Ɗazu ya share hawaye da bakin hula ya ce, "Ƙanin nan nawa, faɗa ne kawai, amma zuciyarsa fara ce tas." Na ce haka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a benci ake faɗa ba.

Zazzaɓin da ya sauka ya dawo.

Litinin, da hantsi

Likita ya kira mu wani ɗan ɗaki mai kujeru, ni da Yaya da Auta. Dogon mutum ne mai magana a hankali, kuma ya zauna ta haguna, sai da na juya masa ɗaya kunnen. Na hagun ba ya ji tun shekarar da na haifi Auta. Na ce wa mutane sanyi ne ya shiga, sun yarda, ko sun yi kamar sun yarda.

Ya ce, "Ciwon da ya kawo shi ya fara lafawa, amma wani ya hau kai. Wanda ya daɗe a kan inji, ƙwayoyin cuta kan bi tiyon su sauka huhu. Mun ɗebi majinarsa mun auna, waɗannan masu taurin kai ne, ba sa jin yawancin magungunanmu. Wanda suke ji muna ba shi ta jijiya, amma kaɗan ne ke isa cikin huhu, in muka ƙara yawa kuma ya taɓa ƙoda. Muna so mu ƙara masa ta wata hanya. A mayar da maganin tururi, injin ya hura shi kai tsaye inda ciwon yake."

Yaya ya ce, "Hayaƙi ke nan? Mutumin da ko maganin sauro aka kunna sai ya tashi gida da faɗa?"

Likita ya ce, "Ba hayaƙi ba ne, Baba, ruwa ne da aka watsa ya yi laushi. Amma ba kullum muke yi ba, kuma yana iya matse masa ƙirji lokacin da ake ba shi. Ba zan yi muku alkawarin zai yi aiki ba. Shi ya sa sai da izinin iyali."

Yaya ya gyara zama ya ce ai shi ne babba, da shi za a yi magana. Likita bai ko kalle shi ba, ni yake kallo. Ya ce, "Kafin mu sa masa tiyo yana cikin hayyacinsa. Mun tambaye shi, in ya kasa magana, wa zai yi a madadinsa. Ya ce matata."

Na waiwaya bayana, wallahi, in ga wadda ake nufi. Ni da ko kanti zan je sayen allura sai na nemi izini, na tsaya a bakin ƙofa har ya gama shan shayinsa ya ce je ki ko ya yi banza da ni. Yau ga likita da tabarau yana jiran nawa izinin.

Abu ne mai sauƙi. Kalma ɗaya ce, "to", kuma ita na fi iyawa a duniya. Na buɗe baki sai na ji na ce, "Bari in yi shawara."

Auta ta juyo ta dube ni. Likita ya ce, "Ki yi, Mama, amma kada a daɗe. Huhu ba ya jira."

Litinin, da magariba

Shawara nake yi.

Talata, da hantsi

Ban je ba. Na jawo keken ɗinkina daga bayan kabad, na cire masa tsumman da na lulluɓe shi da shi, na ɗiga masa mai. Maigida ba ya son ƙararsa. Ya ce ya wuni da ƙarar inji a shago, ba zai dawo gida ya tarar da wata ba. Ko ba ya nan ma ba na taɓawa, don zare ɗaya ya gani a ƙasa ya san an yi. Yau na kafa shi a tsakiyar falo, na buɗe tagogi, na kunna rediyo. Ƙafata ba ta manta feda ba. Na ɗinke yagaggen zanin gado, na rage wa Auta wata riga da ta bari tun bara, da abin ɗinki ya ƙare na kama tsumma ina bi da layi kawai.

Shawara nake yi.

Talata, bayan la'asar

Wayar ta yi ta ƙara, na sa ta cikin durowa na rufe. Da na duba, Auta ce da Yaya, sai wata lamba da ban sani ba, ta asibiti ce ina jin.

Matar mai kanti ta leƙo ta ce Yaya ya gaya wa kowa na shige ɗaki ina neman zaɓin Allah, kada a dame ni. Ta ce, "Irinku sun yi ƙaranci, Maman Auta." Ta ga keken a falo, ta ɗauka don in rage tunani ne.

Ban roƙi Allah komai ba yau. Na yi sallah, na ɗaga hannu, na rasa abin da zan ce wanda zan iya bari Ya ji, sai na shafa. Kamar ba Ya ji tun kafin in faɗa.

Laraba, da safe

Auta ta zo tun kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Ta tarar da ni a kan keke. Ba ta zauna ba, ba ta ajiye jaka ba.

Ta ce, "Mama, da wa kike shawarar?"

Na ce da kaina.

Ta ce, "Jiya iskarsa ta faɗi, sai da suka kifa shi rub da ciki." Ta ɗauki rigar da na rage mata ta duba ɗinkin ta ajiye. Sannan ta ce, "Ni ma a gidan nan na tashi. Na san irin sanyin da ya shiga kunnenki. Ba zan ce miki komai ba. Amma ubana ne, Mama."

Ban taɓa jin kunyar wani mahaluƙi kamar yadda na ji ta 'yar da na haifa ba. Da zagina ta yi, da na samu abin riƙewa. Na tashi na ɗauki mayafi, ban ko kashe rediyon ba, ita ta kashe.

Mun sami Likita a tsaye a bakin ɗaki. Na ce, "To, a ba shi." Ya ce, "To, Mama, na gode," ya juya yana kiran nas. Bai tambaye ni ina na shiga ba. Na so ya tambaya.

Laraba, bayan azahar

Nas ta bar ni na tsaya aka ba shi na farko. Sun mayar da shi rigingine, fuskarsa ta kumbura, shatin matashi a kumatunsa. Ta fara zuƙe masa majina da wani siririn tiyo. Sannan ta kawo wani ɗan kofi da bai kai na shayi ba, ta zuba maganin a ciki, ta ɗaura shi a jikin babban tiyon da ke kai iska. Tana yi tana mini bayani, ta haguna, ni kuma hankalina yana kan fuskarsa. Sai kawai na ji ta ce, "Amma fa sai an cire matata, in ba haka ba ita za ta tare maganin, ko ɗigo ba zai kai huhu ba."

Na ce shi ke nan, ta sani, duk sun sani. Na kama hanyar ƙofa ina cewa to bari in fita.

Ta ce, "Ina za ki, Mama?"

Na ce, "Kin ce a cire matarsa."

Ta dube ni, sai ta kwashe da dariya har ta dafa ƙarfen gado. Ta ɗaga wani abu fari mai kamar murfin kwalba da ta zare daga tiyon, ta ce, "Wannan nake nufi, matatar iska. Ita ke tace ƙazanta ta riƙe masa danshi. Amma ba ta san magani da datti ba, duk abin da ya zo tarewa take yi. In an gama a mayar da ita." Ta share ido ta ce, "Ke kuma zauna abinki, ba ke kika tare komai ba."

Na zauna. Tururin ya taso fari-fari a cikin tiyon, in injin ya hura sai ya ɓace ciki, ya sake taruwa, ya sake ɓacewa. Na zuba masa ido har kofin ya bushe.

Alhamis, da la'asar

Ni na jawo wa kaina. Jiya da na fito Yaya ya tambaye ni me ya ba nas dariya, na rasa ƙaryar da zan yi, na faɗa masa. Yau duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin. Yaya yana dukan cinya yana cewa, "Kun ji fa, likitoci sun gano ciwon. Ashe matata ce ta tare magani. Maza, kowa ya je gida ya cire tasa." Benci ya ɗauki dariya, har da matar wani majinyaci da ba ta san mu ba.

Ni ma na yi dariyar. Auta ce kaɗai ba ta yi ba, ta tashi ta ce za ta sayo ruwa.

Juma'a, da safe

Safe da yamma ake ba shi. Na fara gane lokacin, in na ga nas ta nufo da ɗan kofin sai in miƙe tsaye, ban san dalili ba.

Asabar, da yamma

Yau ana cikin ba shi injin ya fara kuka. Ƙirjinsa ya matse, yana wani sauti kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, lambar allon tana sauka ina kallo. Nas ta kashe tururin, ta danna ƙararrawa, Likita ya shigo da sauri, aka ce in fita. Wannan karon da gaske ni ake nufi.

A benci Yaya ya ce, "Ai na faɗa, hayaƙi ne. Da an bar ni na yi magana." Ina ta lissafi a raina, in ya tafi yanzu to ɗin da na ce ne ya kashe shi, in da ya tafi ran Talata shirun da na yi ne. Ta ko'ina aka biyo ni ce a bakin ƙofa.

Daga baya Likita ya fito ya ce ya wuce. Za su riƙa fara ba shi maganin buɗe ƙirji kafin wancan. Yaya ya ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ni ma na ce, a hankali, ina sauraron kaina in ji ko gaskiya nake faɗa.

Lahadi, da azahar

Nas tana auna fitsarinsa a wata jaka da ke rataye a gefen gado, saboda ƙoda. Ta ce yana fita daidai. Mutumin da ko tawul ɗinsa ba a taɓawa.

Litinin, da hantsi

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne allon nan. In na shiga, kafin in kalli fuskarsa lambar nake kallo. In ta hau sai in ji wani abu ya riƙe mini ciki. In ta sauka sai in ji wani abu dabam ya riƙe mini ciki. Na kasa bambance wanne ne tsoro wanne ne ɗayan. Mace tana tsaye a kan mijinta da carbi a hannu, kowa ya wuce ya ce sannu, Allah Ya ba da lada, ita kuwa ba ta san inda take so lambar ta nufa ba.

Ba ni da mugun hali. Haka na sani game da kaina tun ina yarinya, ko kaza ba na iya kallo ana yankawa. To wace ce ta sa waya a durowa?

Talata, bayan la'asar

Na tare Likita a kan matakala, inda Yaya ba zai ji ba. Na ce, "Likita, da an fara tun ranar da ka faɗa, da bai kai ga kifawa ba?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Ban sani ba, Mama."

Na ce ya faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Ya ce, "Ita ce na faɗa miki. Maganin nan ba kowa yake taimaka wa ba. Akwai wanda muka ba da wuri bai tashi ba, akwai wanda bai samu ba ya tashi. Kuma duk tsawon lokacin na jijiya yana shiga. Wataƙila jinkirin ya cuce shi, wataƙila ko an fara sai ya yi wannan faɗuwar. Ba ni da ma'aunin da zan auna miki."

Na so ya ce ke ce, in san abin da zan ɗauka, ko ya ce ba ke ba ce, in ajiye. Ya bar ni da shi a hannu ya hau sama.

Laraba, da safe

Zazzaɓin ya sauka. Majinar ta fara yin fari.

Alhamis, da magariba

Matar mai kanti ta kawo yadi na ɗinka wa jikarta riga. Ta zauna muna hira, ta ba ni labarin yadda mijinta ya sa gishiri a shayin baƙi, na yi dariya har na riƙe ciki. A falon nan. Sai da ta tafi na lura ban kalli ƙofa ko sau ɗaya ba.

Na daina kwana a bakin gado, tsakiya nake kwana yanzu. Wannan ma ban san wa zan gaya wa ba.

Asabar, da hantsi

Ya buɗe ido. Sun rage masa maganin barci. Na shiga ina gyara rigar asibitin, na ɗago sai na ga yana kallona. Kafin in san me nake yi na miƙe sosai, na ja mayafi, na duba hannuna ko akwai abin da na manta.

Sun ɗaure masa hannuwa da wani tattausan ƙyalle don kada ya fizge tiyon. Da yatsa ɗaya ya fara ƙwanƙwasa ƙarfen gadon, irin yadda yake yi wa tebur in shayi ya makara. Na juya da sauri zan kawo, na yi taku biyu, na tsaya. Me zan kawo? Mutum da tiyo a maƙogwaro.

Nas ta ce, "Kin gani, Mama, ya gane ki." Na ce eh, ya gane ni.

Lahadi, da yamma

Na mayar da keken bayan kabad. Na share falon sau biyu, na bi da hannu ina tsince zare.

Talata, da azahar

An daina tururin, sun ce ya cika kwanakinsa. Nas ta mayar da matatar wurinta ta ce, "To, uwargida, koma bakin aikinki," ta kashe mini ido. Yarinyar nan ba ta da laifi. Da ta san yadda wasan nan yake yi mini da ba ta yi ba.

Alhamis, da hantsi

An cire tiyon. Ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, aka sa masa abin iska a hanci. Ya buɗe baki zai yi magana, sai iska ta fito. Ya sake gwadawa, ya dafe wuya, ya dubi Likita kamar shi ya sace masa murya.

A waje Likita ya ce mana tiyon da ya daɗe yakan taɓa murya. Tana iya dawowa, tana iya dawowa rabi. Huhun kuma ya yi tabo, ba zai koma cikin ƙurar katako ba, ko matakala sai a hankali. Ya ce, "Ɗaga murya ma zai riƙa sa shi haki, sai ku yi haƙuri da shi."

Yaya ya fashe da kuka. Auta ta rungume ni. Na ce zan shiga bayi, na shiga na rufe ƙofa na kunna famfo. Na ce alhamdulillahi. Wannan karon ba sai na saurari kaina ba, na san gaskiya na faɗa, kuma na san a kan wace magana ta Likita na faɗe ta. Na wanke fuska na daɗe ban iya kallon madubi ba.

Asabar, bayan la'asar

An mayar da shi ɗakin sama, inda ake shiga da yawa. Dangi sun cika wurin. Yaya ya zauna a bakin gado ya ba shi labarin komai, har da na matata, maigida ya yi murmushi da gefen baki. Sannan Yaya ya nuna ni ya ce, "Ka ga wannan? Ka riƙe ta da kyau. Ni da farko na ji haushi da ka tsallake ni. Amma baiwar Allah nan shigewa ɗaki ta yi, ba ci ba sha, sai da ta nemi zaɓin Allah sannan ta ce a ba ka. Ni da gaggawata da na ce a'a."

Kowa ya ce Allah Ya yi mata albarka. Auta tana bakin taga tana ɓare lemo, ba ta ɗago ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Litinin, da yamma

Yau mu biyu ne kawai, Auta tana makaranta, Yaya ya tafi buɗe wa masu oda shago. Na ba shi ruwa da cokali, na goge masa gemu. Muryar ta fara fitowa kaɗan-kaɗan, raɗa ce, sai ya huta tsakanin kalma da kalma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ce yau zan faɗa masa. Tun a mota nake shirya maganar. Amma da na zauna sai wata tambayar ta riga ta fita.

Na ce, "Maigida, me ya sa ka ce ni? Ga Yaya, ga Auta da ta yi karatu."

Ya daɗe yana tara iska. Ya ce, "Yaya gardama. Sai ya tsaya musu da likita har in mutu." Ya huta. "Auta tambaya." Ya sake hutawa, ya laluba ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi da rana ba. Hannun ba ƙarfi, ko yaro zai iya zarewa. Ya ce, "Ke kuwa na san ki. Ba ki iya a'a ba."

Murmushi yake yi. Yabona yake yi, iyakar yabon da yake da shi ke nan, kuma da shi ya jingina ransa.

Na zauna da hannuna cikin nasa, maganar da na shirya ta narke. Me zan ce masa? Ya yi kuskure, har ya kusa mutuwa a kan kuskuren. Kuma bai yi kuskure ba, don ko a ranar nan, da ransa a tafin hannuna, ban iya furta ta ba, shawara na ce zan yi. Na rasa wacce ta fi ba ni kunya.

Ya ce gobe in zo da wuri, in taho masa da hularsa mai ruwan toka.

Na ce to.